Yajin Taku Bakwai

Duk wanda ya ce miki ni na sa aka ɗaure ubanki, Yagana, ki ce ya zo ya maimaita a gabana. Ba a ɗaure Modu ba, ko kwana ɗaya bai yi a kaso ba, kuma ban taɓa buɗe baki na ce yana da hannu da mutanen daji ba. Abu na biyu da suke yaɗawa, wai na tsallake kakanki, na kwashe sirrin gidansa na zube gaban ƴan sanda, na zubar masa da girma. Wannan ma ba haka aka yi ba. Ba tsufa ne ya sa ni zaman rubutu ba, ko talatin ban cika ba. Gajiya na yi da gyaran zance a bakin famfo, in miƙe shi yau, gobe in tarar wata ta sake lanƙwasa shi. Gara in rubuta sau ɗaya, ki karanta idan kin yi hankali, kowa ya huta.

Garinmu na asali yana bakin Komadugu, kusa da Geskeru, kuma kowa a cikinsa manomin tattasai ne. Kakanki, Baba Ari, Babarbare ne. Kakarki Inna mutuniyar Damagaram ce, shi ya sa muka tashi da Hausa a baki. Uwarki Falmata ita nake bi. Modu kuwa ɗan wan Baba ne. Ubansa ya rasu yana ƙarami, Baba ya ɗauke shi, ya yanka masa gona a cikin tasa, ya koya masa tada injin ban ruwa, daga baya ya aura masa Falmata. Kada wani ya ce miki tilasta mata aka yi. Tana son sa, ta sha ƙona miya don ta ji ƙarar babur ɗinsa a ƙofar gida. Yana da saurin hannu tun a can, ba zan ɓoye miki ba. Amma a can abin yana da magani. Idan ya mare ta, sai ta ɗaure kayanta ta yi yaji. Gidansa yana ƙarshen gari wajen gonaki, namu yana tsakiya, da zaure biyu da katangar ƙasa da ta fi tsawon mutum. Ta shigo, ba mai tambayarta. Shi kuwa a bar shi da tukunya da dariyar abokai. Idan ya turo dattawa biko, Baba ya shimfiɗa musu tabarma, ya amsa gaisuwa, ya ce madalla, amma a bari a gama tsinkar tattasai. Tsinka kuwa ba ta ƙarewa a mako ɗaya. Kafin Falmata ta koma Modu ya ji a jikinsa, sai a yi wata da watanni lafiya lau. Baba bai taɓa ce wa kowa a'a da bakinsa ba. Katanga da nisa da tattasai su ne suke faɗa a madadinsa.

Sai shekarar da mutanen daji suka fara tsallako kogi, aka ce garuruwan bakin ruwa su tashi. Muka bar tattasai ja wur a gona, muka zo muka zube a bakin kwalta, ƴar tafiya kaɗan kafin a shiga Diffa. Bulama, wato mai garinmu, shi ya raba wurin zama, kuma da kyakkyawar niyya ya raba: dangi kusa da dangi, don a riƙa jin motsin juna. Haka rumfar tamfol ta Modu ta zo jikin ta Baba. Na auna tsakaninsu da ƙafata, taku bakwai ne, sai wata guntuwar zana da ko akuya ba ta jin nauyin tsallakewa. An hana hawa babur, an hana zuwa gona, cinikin tattasai ya tsaya. Mutumin da ya saba sammako bakin ruwa ya koma zaman gindin bishiya yana jiran motar rabon abinci. Na faɗi wannan don ki san halin da ake ciki, ba don in wanke shi ba. Baba ya fi shi asara, bai taɓa nuna wa Inna yatsa ba.

To ki dubi abin da yaji ya koma. Falmata ta ɗaure kayanta, ta yi taku bakwai, ta zauna a rumfar Inna. Idan ta yi tari Modu yana ji. Sai ya zo ya dafa zana yana kiran sunanta har maƙwabta su fito kallo. Kafin la'asar Bulama ya shigo da goro a leda. Ba tattasan da Baba zai ce a jira, ba zauren da zai tsayar da baƙo. Bulama kuma kullum maganarsa ɗaya ce.

"Malam Ari, ɗanka ne, ƴarka ce. Ƙarar wa za ka kai wurin wa?"

Kafin rana ta faɗi an mayar da ita. A haka cikinta na farko ya zube. Aka ce ɗaukar jarkar ruwa ce ta jawo, kowa ya ce Allah ya mayar da alheri, kowa kuma ya san ba jarka ba ce.

Ni lokacin ina lakwal a cikin Diffa, makarantar sakandare da ake ce wa lise, ina zaune wurin Goggo, ƙanwar Inna, sai Asabar nake zuwa gida. Wata Asabar da hantsi, a shekara ta biyu da tashinmu, na iso na tarar da Falmata kwance a rumfar Inna, da cikinki wata shida. Ido ɗaya a rufe, hannun hagu ya kumbura ba ta iya ɗaga shi. Ta daɗe ne a layin rabo, shi ke nan laifinta. Abin da ya doke ta da shi kuwa tiyon injin ban ruwa ne, shi kaɗai ya iya ɗaukowa daga gonarsa ranar da muka tashi. Inna tana gasa mata hannu da tsumma tana cewa haƙuri, haƙuri, kamar haƙuri ɗori ne. Na fita na sami Baba a kan buzunsa yana jan carbi, ban ko durƙusa ba.

"Baba, yau ma za ka mayar da ita?"

"Aisa, ki iya bakinki."

"Shekara biyu ina iya shi. Me ya haifar, ban da kabari ɗaya a bayan sansani?"

Na zaci zai kore ni. Amma bai kore ni ba.

"Maraya ne na wana," ya ce. "Idan Bulama ya shigo da goro, da wane baki zan ce a'a?"

Ya tashi ya buɗe gwangwanin da yake ajiye takardun gida, ya ciro katin ɗan ƙasa na Falmata, don ba a wuce shingen sojoji sai da shi. Ya miƙo mini.

"Kai ta likita. Hannun nan ba na gyaran gida ba ne. Idan kun je, kada ku yi saurin dawowa."

Iyakar abin da ya ce ke nan. Bai aike ni wurin ƴan sanda ba, ba zan ɗora masa abin da bai faɗa ba. Amma ni na san Baba, idan ya ce kada a yi sauri, ya faɗi abu mai yawa.

A likita aka ce hannun tsagewa ya yi, aka ɗaure. Ungozoma ta ɗora abin saurare a cikin Falmata, ta yi shiru har na ji kamar in fizge shi in saurara da kaina, sannan ta ce kina nan, zuciyarki tana bugawa. Ta dubi idon da ya rufe ta tambaya ko faɗuwa aka yi. Falmata ta ce eh. Na ce ƙarya take, mijinta ne, kuma wannan ne ciki na biyu. Matar ba ta nuna mamaki ba. Ta sa aka rubuta mana takardar likita mai bayanin raunukan, ta ce idan muna so mu je komisariya, wato wurin ƴan sanda, mu nemi biron da ke kula da mata da yara, ofishi ne a ciki. Muna fita Falmata ta riƙe mini mayafi da hannunta mai lafiya.

"So kike a tafi da shi Yamai?"

Dole ki fahimci wannan tsoron, in ba haka ba sauran labarin zai zama miki wauta. A shekarun nan, idan aka kai sunan namiji gaban masu kaki, abu ɗaya kowa yake kawowa a ransa: an ce yana tare da mutanen daji. Mun ga waɗanda aka kira da safe, aka yi shekaru ba a sake ganinsu ba. Saboda haka ko akuyarka aka sace sai ka haɗiye. Na ce mata tambaya kawai za mu yi, tambaya ba ta ɗaure kowa. Ta biyo ni ne don ba ta da ƙarfin gardama.

Biron ɗaki ɗaya ne, da tebur da benci da wata ƴar sanda mai jiki, kowa Madam yake ce mata. Na fara zuba da Faransanci, ina jin kaina, har na kai ga tiyo. Ta ɗaga hannu.

"Ke aka doka?"

"A'a, Madam."

"To ajiye mini Faransancinki, ba jarrabawa ake ba. Ke mai ciki, matso nan."

Ta zaunar da Falmata kusa da ita, ta karanta takardar likita, ta yi mata bayani da Hausa a hankali. Ta ce dukan da ya raunata mutum laifi ne ko miji ne ya yi, kuma hanya biyu ce. Ko ta shigar da ƙara a tura gidan shari'a, nan kam ana iya ɗaure shi. Ko kuma a kira shi nan, ya sa hannu a takardar alkawari gaban hukuma cewa ba zai sake taɓa ta ba, ba zai je inda take ba. Idan ya karya, takardar likita da ta alkawari su tafi gidan shari'a tare. Ta ce maganar mutanen daji ba a wannan ɗaki ake yin ta ba, ba ta da ruwa da ita. Ni na buɗe baki zan ce a ɗaure shi, ta harare ni na rufe. Falmata ta shafa ɗaurin hannunta.

"Madam, ba na so a ɗaure shi," ta ce. "So nake in haihu."

Madam ta rubuta sammaci cewa Modu ya zo Litinin da safe, ta buga hatimi, ta ce in kai wa Bulama ya ba shi.

Yanzu ga laifina, wanda masu zagina ba su ma san shi ba. Na kai Falmata gidan Goggo, na hau adaidaita na koma sansani da yamma, na tarar Bulama ya fita. Maimakon in jira shi in yi masa bayani, sai na miƙa wa matarsa takardar, na ce a ba Modu, na juya. Raina a ɓace yake, ba na son ganin fuskar kowa. Ban tsaya na tuna cewa duk sansanin nan ba mai karanta Faransanci sai ni ba.

Washegari da safe na dawo ɗaukar wa Falmata kaya, na tarar da mata cike a ƙofar rumfar Modu, wasu na kuka kamar an yi rasuwa. Bulama ya ga hatimin ƴan sanda, ya kira dattawa, suka juya takardar gaba da baya, suka yanke cewa an kai sunan Modu. Modu kuwa yana sallame sallar asuba ya ɗauki ƙunshinsa ya nufi kogi, wai zai tsallaka Najeriya. Bakin kogin nan an hana zuwa, duk wanda sojoji suka gani a can ba sa tsayawa tambayarsa. Idan ma ya tsallake, waɗanda suka kore mu su ne a ɗaya gaɓar. Ana ganina aka yi caa.

"Ga ta nan, ƴar lakwal! Ta sayar da ɗan uwanta!"

"Karatun ke nan, a koya wa yarinya rubuta sunan dangi."

Baba yana tsaye da sandarsa, ban taɓa ganin fuskarsa haka ba.

"Me kika rubuta a kansa?"

Na ce ba ni na rubuta ba, kuma maganar Falmata ce kawai, maganar duka. Bai tsaya jin ƙarshe ba. Ya ari amalanken jakin maƙwabci, ya ce in hau.

Daga kwalta zuwa kogi ba nisa, amma ban taɓa yin tafiya mai tsawonta ba. Baba yana dukan jaki, ni ina zagin kaina. Muka same shi a inda gonakin da aka bari suka fara, zaune gindin wata tsamiya da ƙunshinsa a cinya. Ya kasa gaba, ya kasa baya. Daga nan ana hango layin bishiyoyin bakin ruwa.

"Kin kashe ni, Aisa," ya ce.

"Da kashe ka nake so, da na bar ka ka ƙarasa. Kawo takardar."

Na karanta masa: sunansa, rana, lokaci, da hatimin biron mata da yara. Na ce ba wanda ya ambaci daji, hannun Falmata da ya tsaga ake kiransa a kai. Wallahi sai na ga fuskarsa ta saki. Mutum ya ji cewa don ya tsaga hannun matarsa ake nemansa, ya yi ajiyar zuciya. Na ji kamar in rufe shi da duka.

"Idan na shiga suka riƙe ni fa?"

Baba ya sauko daga amalanke, ya tsaya a kansa.

"Ni zan shiga gabanka. In an riƙe ka a riƙe ni. Tashi, Modu, ka ba ni kunya sau ɗaya, kada ka ƙara mini da gawa."

Litinin muka cika bencin Madam: Baba, Bulama, Modu, Falmata da ni. Ta karanta wa Modu abin da likita ya rubuta, ɗaya bayan ɗaya, ta tambaye shi ko akwai ƙarya a ciki. Ya ce babu, amma matarsa ce.

"Matarka ce, na ji. Wa ya ce maka sadaki kuɗin ƙashi ne?"

Bulama ya gyara murya ya fara cewa ai abin na gida ne, an saba sasantawa. Ta tambaye shi sau nawa ya sasanta. Ya fara lissafi da yatsu, ya ga abin ba zai yi masa kyau ba, ya mayar da hannu aljihu. Ta faɗi abin da za a rubuta: Modu ba zai taɓa Falmata ba, ba zai shiga inda take zaune ba, ba zai tura kowa ya dawo da ita ba, har sai ita da ƙafarta ta zo wannan biro ta ce ta yarda. Ta tambayi Falmata ko ya yi mata. Falmata ta ce da saura, don gidan ubanta da nasa taku bakwai ne.

"Taku nawa?"

"Bakwai, Madam. Aisa ta auna."

Madam ta ajiye bik ɗin da take rubutu da shi ta yi dariya har da riƙe ciki, ta ce ita tun da take ba ta taɓa jin yajin da ake yi ana jin numfashin juna ba. Ta juya wurin Bulama ta ce tun da shi ya raba wuri, ya nema wa Modu wani a tsallaken kwalta, kuma shi ma zai dangwala yatsa a matsayin shaida. Aka rubuta uku, ɗaya ta zauna a biro, ɗaya ta Modu, ɗaya ta Falmata. Modu ya zo ya dangwala yatsa. Falmata ba ta ɗaga murya ba.

"Na yafe maka na farko, Modu. Ba zan binne na biyu ba."

Ya fita daga komisariya da ƙafarsa, yana waige kamar bai yarda an sake shi ba. Kafin Juma'a an kwance rumfarsa an kafa a tsallaken hanya, muka dawo da Falmata wurin Inna.

Ni na san ba a gama ba, kuma ban yi kuskure ba. Bayan kwana goma sai ga kawunnan Modu na wajen uwa su uku daga Gagamari, da rawuna da goro. Sun ce ba shi ya aiko su ba, zumunci ne ya kawo su. Baba ya shimfiɗa tabarma, aka yi gaisuwa mai tsawo irin ta Barebari, aka tambayi gida da gajiya da zaman baƙunta. Babbansu ya kawo hadisi, ya kawo karin magana, ya ce harshe da haƙori ma suna saɓawa, ya tura goro gaban Baba. Ina bayan tamfol ina saurare, don na san wannan wurin ne Baba yake faɗuwa kullum. Falmata ta riƙe hannuna. Sai muka ji ya ɗaga murya.

"Aisa, kawo takardar nan ta hukuma."

Na kawo. Ya karɓa da hannu biyu, ya buɗe ta a gabansu, ya ƙura mata ido kamar mai bita.

"Kun ga wannan? Ni da ku duk talakawa ne. Da ta ni ce, da tuni kun tafi da ita, ai kun san ban taɓa mayar da goronku ba. To amma ga hatimi, ga yatsan Bulama. Idan na ba ku ita, ni za a kira, a kira ku, yaron nan kuma a wuce da shi gidan shari'a. Ku kuke so a ɗaure shi?"

Suka ce subhanallahi, wa zai so haka. Suka ɗan yi gunaguni a kan zamani da ƴaƴan lakwal, Baba yana taya su, har yana girgiza kai yana cewa ai abin sai addu'a. Suka kwashe goronsu, ya raka su har bakin kwalta. Da ya dawo ya zauna a buzu ya miƙe ƙafa, ya ce wa Inna ko akwai sauran tuwo. Mutumin da ya yi wata biyu yana tsakurar abinci, ranar ya cinye kwano ya nemi ƙari. Ya miƙo mini takardar ya ce in sa ta a leda, kada ruwa ya taɓa ta.

"Kin ga yadda na karanta musu?"

"A kife ka riƙe ta, Baba."

"A kifen ma ta yi aiki."

Inna ta tuntsire da dariya har ta ƙware. Falmata ma ta yi, tana riƙe ciki tana cewa mu bari kada mu sa ta haihu. Rabon da in ji dariya a rumfar nan tun muna bakin kogi. Wannan shi ne mutumin da ake cewa na zubar wa girma.

Ban ce abin bai ci mini komai ba. Mata suka daina amsa gaisuwata a famfo, aka laƙaba mini Komisa, wato shugaban ƴan sanda, har yau wasu da shi suke kirana. Wani malamin makaranta da yake zuwa zance wurina ya ɗauke ƙafa, wai uwarsa ta ce ba ta son surukar da ta san hanyar komisariya. Na ce ya sauƙaƙa mini. Wanda ya yi mini ciwo shi ne na Falmata. Da ta ji yadda Modu ya kusa kai kansa bakin kogi saboda gaggawata, ta yi mako biyu ba ta yi mini magana ba, kuma tana da gaskiya. Amma tana barci. Ta yi ƙiba, idon ya washe, hannun ya ɗore, ta koma yin waƙa idan tana tankaɗe. Modu ya sami aikin buga bulo a cikin gari. Wani lokaci mukan hango shi a tsallake yana kallon wajenmu, motocin sojoji suna wucewa tsakani, amma bai taɓa tako kwaltar ba. Ko tuba ya yi ko tsoro ne, ban sani ba, kuma lokacin bai dame ni in sani ba.

Aka haife ki ranar wata Laraba da hantsi, lafiyayya, da ƙarar da ta tara maƙwabta. Ungozoma ta miƙo ki, Falmata ta ƙirga yatsunki sau biyu, ta yi kuka, ni ma na fita waje na yi nawa inda ba mai gani.

Kwana biyu da dawowarmu Bulama ya zo, wannan karon ba goro. Ya ce uba ne yake yi wa ɗansa huɗuba a kunne, haka aka gada, kuma Modu yana can ya kasa cin abinci. Ya ce a je a janye takardar ko don albarkar jaririya, a yi suna kamar mutane. Na riga na cika baki da amsa, sai na tuna hararar Madam, na haɗiye, don ba ni aka doka ba. Falmata ta yi magana daga cikin rumfa, tana ba ki nono.

"Bulama, takarda tana nan inda take. Ban shirya ba, ranar da na shirya na san hanya. Amma ubanta ne, ban hana shi ƴarsa ba. Shi zai yi mata huɗuba."

Aka tsaya kallon juna. Shi ba zai shigo ba, ita mai jego ba za ta fita ba. Inna ta ce ita ba ta zuwa ƙofar suruki, ba a taɓa yi ba. Baba ya ce hannunsa rawa yake, ba zai ɗauki jinjirar kwana biyu ya tsallaka hanyar manyan motoci ba. Sauran mata kowa ta sunkuyar da kai, ba mai son a ce ta shiga maganar hukuma. Na ga za a kai magariba ana jan zance, ni kuwa ba ni da wannan haƙurin.

"Bulama, ka gaya masa ya yi alwala gobe da hantsi ya jira a ƙofar rumfarsa," na ce. "Ni zan kawo ta. Zan tsaya a kansa har ya gama, in karɓo abata in dawo da ita wurin uwarta. Duk Asabar kuma haka za a yi, har ranar da Falmata ta ce wani abu dabam."

Bulama ya ce, "Ke? Ke da ya ce ko a lahira ba ya son ganinki?"

Na ce to ya rufe ido, kunnenki ake nema ba fuskata ba. Na juya na ce wa Inna ta nemo mini zane mai kauri wanda zan rufe ki da shi saboda rana.